Gidan Gaba

Shekarun baya, goma da wani abu ke nan, na ɗauko mahaifiyata daga Kano zuwa wurina a unguwar Soundview ta Amurka, bayan ta fita takabar mahaifinmu. A lissafina canjin wuri zai ɗauke mata hankali. Sai ta samu kujera a bakin taga ta mayar da ita gida. Nan take salla, nan take lazimi, abinci kuwa sai ta ɗan taɓa ta rufe. Zoben hannunta ya fara zamewa da kansa. Likita ya duba ya ce bai ga wata cuta ba. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don gani nake ina kallon ta tana bin sa a hankali.

A lokacin ina da wata tsohuwar Fijo 504 mai ruwan madara, da na saya wajen wani dattijo a New Jersey. Mahaifina irin ta ya tuƙa tsawon rayuwarsa, yana lodin fasinja daga Kano zuwa Katsina. Mutane a garin nan suna sayen tsohuwar mota don ƙawa, ni kuwa ƙamshin kujerunta na saya, wannan haɗin na tsohuwar leda da fetur da rana. Shekara biyu muna lallaɓa ta da abokina, wani bakanike ɗan zangon Kumasi, har ta yarda ta riƙa tashi ba turi. Har na shiga wata ƙungiyar masu tsofaffin motoci, duk da ban taɓa samun ƙarfin halin zuwa taronsu ba.

Ranar Lahadin da za su taru a bakin ruwa kusa da Stapleton, abokina ya zo da hantsi, ya tarar da mahaifiyata a bakin taga. Hausarsa ta zango ba ta raba mace da namiji.

"Mma, ka tashi mu je ka sha iska," in ji shi. "Wannan zama a window ba shi da kyau."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Yaron nan, har yau ba ka gane mace ce ni ba?"

"Na gane mana, Mma. Shi ya sa na ce ka sa mayafi."

Ban san ko dariyar da ta ƙwace mata ce ta ɗaga ta ba, amma ta miƙe ta ɗauko mayafin.

Da muka sauko ta ga motar, ta tsaya cak. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan rufin, yadda ake taɓa goshin yaro. Na yi sauri na buɗe mata ƙofar gaba, ina jin kaina wani ɗa nagari.

"Gidan gaba na fasinja ne," ta ce, ta zagaya ta shiga baya.

Haka muka kama hanya, abokina a gefena, ita a bayana. Motar ba ta son gaggawa, ni ma ban matsa mata ba. Ganyayen itatuwa sun yi ja da rawaya, suna faɗowa kan gilashi ɗaya-ɗaya. Da muka hau doguwar gadar da ke tsallakawa daga Brooklyn zuwa ɓangaren Stapleton, hazo ya kwanta a kan ruwa har ba a ganin ƙarshen hanya, sai igiyoyin gadar suna fitowa suna ɓacewa. Ƙarar injin ita ce dai wadda na sani tun ina ƙarami ina barci a kan buhunan fasinja. Na ji kamar in muka fita daga hazon nan, kasuwar Charanci za mu tarar, da masu tallan gyaɗa suna bin tagogi. A madubi na hango ta ta lumshe ido, leɓenta na motsi.

Filin taron cike yake da dogayen motocin Amurka masu fukafukai a baya, kowace na ƙyalli kamar kwanon amarya. Na ajiye tawa can gefe, ina ɗan jin kunya. Sai ga mutane sun zagaye ta. Wata tsohuwa Baturiya mai farin gashi ta leƙo ta taga, ta tambayi mahaifiyata ko ta san motar. Na fassara.

"Gaya mata a irin ta aka kai ni ɗakina," ta ce. Sannan ta ci gaba, ba ni take kallo ba. "Shekara talatin da wani abu, ƙeyar babanku nake kallo. Gaba kuɗinta ya fi, mutum biyu ake sawa. In ƙauye za mu da salla, ta yayansa ce. Kullum cewa yake, in ya ajiye tuƙi zai ɗauke ni ni kaɗai a gidan gaba, mu je Tiga mu ga ruwa mu dawo. Sai ciwo ya zo, aka sayar da motar."

Ban taɓa jin wannan ba. Na kasa fassarawa. Tsohuwar dai ta gyaɗa kai kamar ta ji Hausa.

Al'adar ƙungiyar ita ce a rufe taro da jerin gwano a hankali ta bakin ruwa, kowa da nasa a gefe. Injuna suka fara tashi. Na waiga neman abokina, na hango shi can ya shige motar wani, yana ɗaga min hannu, wai yana son ya ji yadda giyarta take. Maƙaryacin banza. Kujerar gaba ta zauna ba kowa.

Na yi kamar ina gyara madubi. Sai na ji ƙofar baya ta buɗe. Ta fito, ta tsaya ta gyara mayafi, ta buɗe ta gaban da hannunta.

"Bismillahi," ta ce, ta zauna a bakin kujerar kamar baƙuwa.

Muka bi layi. Hazon ya fara yayewa, ruwa ya buɗe a gefenmu, jirgin fito yana tafe a hankali, dogayen benayen Manhattan can nesa kamar an zana su. Ta daɗe tana kallon gaba.

"Ashe haka hanya take," ta ce. "Tahowa take yi."

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma tsayar da ido a fuskata, tun tasowata haka na san ta. Amma ranar na ji idonta a gefen fuskata, ya zauna bai tashi ba. Na riƙe sitiyari gam, na ƙi juyawa don kada ta janye.

"Ta nan gefen ma babanku ne," ta ce a hankali. Sannan ta yi kuka, wanda ban ga ta yi ba ko ranar jana'iza. Na bar ta, na rage gudu har na baya suka fara wuce mu.

Da muka gama zagayen ta goge fuska da bakin mayafi, ta gyara zama sosai, ta jingina.

"Kai, a garin nan ba a sayar da abinci ne?"

A wani shagon 'yan Afirka a Stapleton ta cinye shinkafa da wake tas, har tana kushe yajin.

Ta ƙara shekaru a duniya bayan nan, masu daɗi, kuma ba ta sake shiga bayan motar kowa ba. Ko tasi muka tare, sai direba ya kwashe tarkacensa daga gaba. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne na daina ce wa iyalina "in na samu lokaci". Motar tana nan, nakan fita da ita in ganye ya fara zuba. Abokina kan yi min tsiya, wai jakata ma a baya nake ajiyewa. Gaskiyarsa ne. Har yau ban iya ɗora komai a kujerar nan ba.