Maganin Kawu Labbo Sai Ta Jirgi

Duk wanda ya zauna da Kawu Labbo ya san ba ya karɓar magani daga hannun mutum. Abinci zai karɓa, goro zai karɓa har ya nemi ƙari, amma ƙwayar hawan jini sai dai ta zo masa a jirgin ƙasa. Ku da kuke zuwa gaishe shi kuna dariya, kuna cewa tsoho mai hikima, ba ku ke tsayuwa a kansa kowace safiya da kofin ruwa ba. Ni ce.

Yayan mahaifiyata ne. Da na gama sakandare aka turo ni gidansa nan Mafara, saboda idon matarsa Inna Ige ya yi rauni, 'ya'yansu kuma duk suna Gusau. Aikina guda ne. Likita ya ce ƙwaya ɗaya kullum bayan karin kumallo, in ana tsallakewa ɓarin jikinsa zai iya shanyewa. Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Ba wanda ya faɗa mini zancen jirgi.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a tashar Kauran Namoda yana aikin shantin, wato raba taragu da tura kowanne layinsa. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya ce zai gina tasa tashar. Na tarar ya zana layuka da tsinke a tsakar gida, ya hana shara. Da bokiti a kai sai mutum ya riƙa tsalle kamar mai wasan 'yar gala-gala.

Na ce, "Kawu, jirgi fa bai taɓa zuwa Mafara ba."

Ya ce, "Shi ya sa nike kawo shi. Ɗaga ƙafarki, Luba, kin taka Bakura."

Wata safiya muka tashi babu ƙyauren ɗakin girki. Kawu ya cire shi, ya kwantar kan bulo a zaure, a kansa zai ɗora tashar. Inna ta ce, "Malam, ina ƙyaurena?" Ya ce an ɗauke shi aiki. Awaki suka yi wata guda suna cin garinmu.

Ko ƙusa bai saya ba. Ƙarafunan laimar Inna su suka zama layin dogo, kuma laimar lafiyarta lau. Taragu gwangwanin kifi ne, kan jirgin injin tsohuwar rikoda ne da batir. Yashin da ya shimfiɗa ƙarƙashin layi da rariyarmu ya tankaɗe shi, muka daɗe muna cin tuwo yana ƙaras-ƙaras. Katakan da ke riƙe dogo kuwa tsinken tsire ne. Ranar kasuwa sai ya zauna gun mai tsire, ya gaishe shi, ya gaida iyalinsa da shanun kakansa, yana tsince tsinken da mutane suka yar. Mai tsire ya gaji ya ce, "Baba, yau dai a sa maka ko ɗaya." Ya ce, "A'a, ɗana. Nama ba ya ɗaukar jirgi." Tururuwa ne fasinjojin farko, don tsinken duk mai ne da ƙuli.

Layi uku ya yi. Na Bakura da taragon shinkafa, na Maradun da shanun yumɓu, sai na Mafara wanda ya ƙare daidai kujerarsa. Ranar da aka gama na ce alhamdu lillahi, yanzu hankalinsa zai dawo. Na miƙa masa ƙwaya. Ya karɓa da ladabi, ya saka ta a taragon ƙarshe can ƙuryar layin Maradun, bayan shanu.

"Kawu, mene ne haka?"

"Kaya na. Sai sun iso tasha."

Sai ya busa usur. Kan jirgi ya ja baya ya ɗauko shanu, ya kai su layin Bakura, ya tarar shinkafa ta tare hanya, ya dawo da shanun, ya janye shinkafa, ya koma. Kowane juyi sai ya murɗa cokalin da ke sauya layi, ya leƙa dama da hagu ko wani na tsallakawa. A zaure. Koko ya huce, ruwan kofi ya yi ɗumi, ni kuma ina tsaye. Na kai hannu zan ɗauko taragon, bai fi taƙi ɗaya daga bakinsa ba. Ya make ni da mafici.

"Kin taɓa ganin hannu ya sauko daga sama ya ɗauki tarago a Kaura? Mi anka koya muku a makaranta?"

Haka muke kullum. Kuma ba ya maimaita jeri, don a cewarsa tashar gaske ba ta san abin da gobe za ta kawo ba.

Na gwada dabara. Na daka ƙwayar na zuba a koko. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce kayan da ba su bi ta tasha ba fasa-ƙwauri ne. Ranar da batir ya mutu kuwa, jirgi ya tsaya tsakanin Maradun da Mafara. Na ce a sayo sabo. Ya ce wannan ɗin bai mutu ba, gajiya ya yi. Ya shanya shi a rana kan katanga, ya naɗe hannu.

"Kawu, azahar ta kusa."

"Jirgi ya yi latti. Fasinja haƙuri aka san shi da shi."

Na zare batirin rediyonsa ina kallon idonsa, na sa wa jirgin. Ya sha magani, amma bai yi mini magana ba sai la'asar, shi ma don ya tambayi labarin duniya ne, tunda na kashe masa rediyo.

Sai ranar kaza. Ta haye ƙyauren tana tsattsagar shinkafar Bakura, ta ga wani abu fari a taragon baya ta haɗiye. Na ɗauko wata ƙwayar. Ya ce a'a, jirgin yau ya riga ya tashi, tasha ba ta lodi sau biyu. Sai an yi bincike. Ya kira Inna shaida, ita da ba ta gani sosai. Inna ta ce ita abin da ta sani, tunda take da kazar nan ba ta taɓa ganinta da natsuwa irin ta yau ba. Suka yi ta dariya su biyu. Ni na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don in na buɗe baki zan faɗi abin da ba a faɗa wa kawu.

Da damina aka yi bikin ƙawata a Bakura. Na bar wa Inna magani, na ja kunnen kowa, na tafi. A bayana aka yi ruwa mai ƙarfi, zaure ya yi yoyo, ƙyauren ya kumbura, dogo ya karkace. Jirgi ya daina tafiya. Inna ta roƙe shi, ya ce ana gyaran layi, kaya su jira. Ban san ko kwanakin nan ne suka jawo ba, likita ma bai ce ba. Na dai dawo na tarar bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa.

A asibiti ta jijiya suka ba shi magani, ba su nemi izininsa ba. Da muka dawo gida na durƙusa gabansa da ƙwaya a tafin hannu. Na ce, "Kawu, don girman Allah." Ya datse baki, ya juya ido wajen zaure.

Na so in fasa ƙyauren nan in hura wuta da shi. Sai na ɗauko filaya. Muka kai shi zaure a kujera, na zauna ina miƙe ƙarfen laima, yana nuna mini da hannun hagu, in na kauce ya busa usur da gefen baki. Na sa ƙwayar a bayan shanu. Na ja baya, na murɗa cokali, na kai shinkafa inda ba nan ba, na sake, tarago ya faɗi, na sake. Da ƙyar ƙwayar ta iso Mafara. Ya dube ni, harshensa na nauyi, ya ce, "Kin yi gudu."

Sannan ya buɗe baki.

Daga ranar ni ce mai shantin, har safiyar da Allah Ya karɓi abinSa. Bai sake tsallake ko ɗaya ba, ni ma ban taɓa yi ba tare da tsaki ba, kuma yana ji.

Allah Ka jiƙan Kawu Labbo, Ka yafe masa taurin kai. Ka bi da shi a hankali yadda yake so, Ka sauke shi inda babu ciwo. Inna kuma Ka ba ta haƙurin zaure da ya yi shiru.