Sandar da Tuting Ya Kasa Ɗauka

Felicisima Gabutan, wadda duk kasuwar garinmu ke kira Nang Pising, wato Yaya Pising, an haife ta ranar uku ga Fabrairu, 1940, a unguwar masunta da ke ƙasan coci, nan kudancin tsibirin Cebu. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana sayar da busasshen kifi a rumfa ta huɗu daga ƙofar kasuwa. Aurenta ɗaya, 'ya'yanta uku. Da hannun dama take cin abinci, da dama take auna kifi. Sanda ce kaɗai take riƙewa da hagu, kuma da dalili.

Mahaifinta Leoncio, wanda ake kira Onsyo, matatsin bammi ne. Kwakwa talatin yake hawa da safe, ya sake hawansu da yamma. A wurin kakansa ya koyi eskrima, wato faɗan sanda, shi ma kakan a wurin nasa, tun zamanin da Sifaniyawa suka hana yawo da adda, mutane suka koma gasa gora a wuta suna yi da ita abin da suke yi da ƙarfe. Onsyo ba mafaɗaci ba ne. Amma idan an yi hirar masu hannu a garin, sunansa ake fara ambata, wannan kuwa ya tsaya wa Restituto Labitad a rai. Tuting, kamar yadda ake kiransa, mahauci ne, ƙaƙƙarfa, ya dawo daga yaƙi da labarai a baki.

A bikin waliyyi San Isidro na 1949 Tuting ya kira Onsyo karon gaske, irin wanda ba kwalkwali ba garkuwa, gora da fata kawai. Aka rubuta takarda a ofishin gari cewa kowa ya yarda da ransa, duk abin da ya faru ba ƙara ba shari'a. Takardar na nan har yau a fayil ɗin shekarar. Tuting ya sa hannu da manyan haruffa. Onsyo bai yi makaranta ba, sai ya dangwala babban yatsansa na dama.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a rubuta ba, don ba wanda ya taɓa zaton sai an rubuta ta. Idan sandar mutum ta faɗi, karo ya ƙare. Wanda aka kayar wa sanda shi zai sunkuya ya ɗauka, ya miƙa wa wanda ya ci shi da hannu biyu, a watse.

A karo na uku gumi ya sa sanda ta zame wa Onsyo. Ya yi ɗan murmushi, ya sunkuya. Tafinsa na kan gora a ƙasa Tuting ya sauke masa tasa a bayan hannu, da duk ƙarfin da yake sara ƙashin alade. Pising na da shekara tara, tana tsaye a gaba riƙe da malafar ubanta. Ta ji ƙarar, irin ta busasshen ɓawon kwakwa a ƙarƙashin ƙafa.

"Ban ga ta faɗi ba," in ji Tuting. Takarda kuma ta rufe bakin kowa.

Mai ɗori ya ƙirga ƙashi huɗu. Hannun ya warke a dunƙule, Onsyo bai sake hawa kwakwa ba. Matarsa ta kama tallan kifi, shi kuma ya zauna gida yana gyaran komar wasu da haƙori da hannun hagu. Shekara biyu yana dukan tsohuwar taya da ya rataye a bishiyar mangwaro, yana koya wa hagunsa abin da damarsa ta sani. Wata safiya ya waiga ya ga Pising a bayansa da muciyar uwarta, tana kwaikwayonsa.

"Day," ya ce, wato yarinya, "me kike yi da wannan?"

"Abin da kake yi, Tay," ta ce, wato Baba.

"Da hagu?"

"Ai da hagu kake yi."

Sannan ya ɗauko ɓawon kwakwa uku ya kifa a ƙasa kamar duwatsun murhu, ya ce ta hau biyu, ta riƙa sauya ƙafa zuwa na ukun ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Wata shida ta yi a kan ɓawon nan kafin ya ba ta gora. Da ta iya sara goma sha biyu, kowanne da lambarsa, sai ya ce saura abu guda.

"Duk wanda za ki gamu da shi a duniyar nan da dama zai zo miki. Kawo tsumma."

Ya sa ta ɗaure masa gora a dunƙulallen hannun, tam, ya riƙa kawo mata saran Tuting ɗaya bayan ɗaya, yadda ya haddace su ranar. Duk lokacin da gorarsu ta haɗu sai fuskarsa ta yamutse don zafi. Idan ta sassauta sai ya daka mata tsawa.

"Kifi kike lallashi ya bushe? Doke ni!"

Tana da shekara goma sha bakwai ya sa ta rantse a gaban hoton Santo Ninyo, Jariri Mai Tsarki, da ke ɗakinsu.

"Muddin ina numfashi, ba ke ba Tuting."

"Bayan nan fa, Tay?"

"Bayan nan ina can ina fama da San Pedro a bakin ƙofar aljanna, ina na ga lokacinki."

Ta cika alkawari. Ta yi aure, ta gaji rumfar uwarta, ta haihu. Rumfar Tuting na layin mahauta, taku sittin daga tata. Kullum tana ganinsa yana sara nama da hannun nan lafiyayye, yana dariya, tana ganin samari na binsa gida su koyi sanda. Ba ta taɓa ce masa uffan ba, kuma naman alade bai shiga tukunyarta ba. Da yamma takan koma ƙarƙashin mangwaro ta ɗaure wa tsohon tsummansa.

Onsyo ya rasu ranar tara ga Fabrairu, 1968. Ita ta wanke hannun, ta yi ƙoƙarin miƙe yatsun don ta saƙala masa carbinsa, suka ƙi. Da zare ta ɗaure carbin.

Ranar sha biyar ga Mayun shekarar, ranar bikin San Isidro, bayan an fito coci an zaga da waliyyi, Tuting ya fito dandali da ɗalibansa ashirin da uku, suka yi wasansu, aka tafa. Shekararsa arba'in da tara, wuyansa kamar na ɓauna. Ya yi kiran da yake yi duk shekara, wanda aka daɗe ba a amsa ba: duk mai jin kansa ya fito.

Pising ta ratsa mutane, da ɓawon kifi a gaban rigarta, gora a hannun dama.

"Ga ni, Noy Tuting," ta ce, da Noy ɗin da ake kiran namijin da ya girme ka.

Dandali ya fashe da dariya.

"Day, kifi kika kawo? Kai wa matata Loling gida, ita ke cefane."

"Kai na zo wa."

"Ni ba na dukan mata."

"Na sani. Kai sai wanda ya sunkuya."

Dariyar ta ɗauke. Tsofaffi suka kalli juna. Wani daga baya ya ce, "'Yar Onsyo ce fa!" Kunnuwan Tuting suka yi ja.

"Ubanki ya faɗi ne don bai iya ba. In kina son bin sawunsa, a kawo takarda. Kada mijinki ya zo min da kuka."

Aka buɗe ofis ranar biki. Pising ta roƙi akawu ya fito da takardar 1949, ya buga irinta kalma da kalma, kada ya ƙara kada ya rage. Ya tambaye ta ko a rubuta maganar faɗuwar sanda wannan karon. Ta ce a'a, a bar ta yadda take.

Suka tsaya taku uku tsakani, suka yi gaisuwar sanda. Tuting ya dubi gorar da ke damarta, ya gyara ƙafa yadda ya saba tun yana saurayi. Alƙalin wasa ya jefa hankici. Kafin ya kai ƙasa gorar ta koma hagu.

Shekara talatin Tuting na koyar da abu ɗaya: ka zame hagu, ka fita daga bakin sandar abokin karo, ka danne masa hannu. Ƙafarsa ta yi abin da ta sani kafin idonsa ya gaya mata. Ya zame ya tarar da gorar Pising na jiransa a can, ta sauka a haƙarƙarinsa. Bai faɗi ba. Ya dawo da sara daga sama, ya tsaga mata girar dama, tabon da ta tafi da shi kabari. Jini ya rufe mata ido ɗaya. Amma saran nan ta san shi, na ɗaya ne, sau dubbai ta karɓe shi daga hannun da aka ɗaure da tsumma, ta kuma san na biyu ne ke biye da shi. Ta riga shi. Gorarta ta sami wuyan hannunsa, tasa ta yi tsalle ta faɗi a tsakaninsu.

Pising ba ta ja baya ba. Ta ɗaga gorarta sama da kafaɗa, ta tsaya.

"Ɗauka, Noy."

Tuting ya dubi sandar. Ya dubi hannunta a sama.

"Karo ya ƙare," ya ce.

"Ya ƙare mana. Ɗauka ka miƙo min, kamar yadda ake yi. Ubana ma ya sunkuya."

"Sauke hannunki tukuna."

"Me kake tsoro? Ai kowa ya ga ta faɗi. Ko akwai wanda bai gani ba?"

A agogon ofis minti huɗu suka yi haka, jini na ɗiga daga haɓarta, shi kuma yana buɗe yatsunsa yana rufewa. Sau ɗaya ya karya gwiwa kaɗan, ta gyara tsayuwa, ya miƙe. Daga ƙarshe ya juya ya ratsa ɗalibansa ya tafi gida da hannunsa lafiya lau, ya bar sandar a ƙasa.

Mutane sun daɗe suna cewa Pising ta yi masa afuwa. Tana jin haushin wannan magana. Matar da ke rumfar kusa da ita ta taɓa tambayarta ko da gaske da ta doke shi.

"To ƙuda kika ga na ɗaga hannu in kora? Ƙashi huɗu na je karɓa. Matsoracin ya hana ni."

Kafin ƙarshen shekarar ɗaliban Tuting sun koma biyar, a shekara ta gaba ba ko ɗaya. Sandarsa kuwa Pising ta kai ta rumfa, da ita take korar karnuka daga kifi. Duk ranar da ta hango shi sai ta ajiye ta a ƙasa a tsakiyar hanya, ta ɗaga murya yadda layin mahauta zai ji.

"Noy Tuting! Ga ajiyarka nan, zo ka ɗauka!"

Ya koma shiga kasuwa ta ƙofar baya, wajen juji. Shekara goma sha ɗaya ana haka, har ya rasu ranar biyu ga Oktoba, 1979.

Washegari da hantsi matarsa Loling ta zo rumfar cikin baƙaƙen kaya, tana dogara bango saboda ciwon gwiwa.

"Pising, sandar nake roƙo. Ina son a sa masa a akwati."

Pising ta ɗauko ta, ta ajiye a ƙasa. Masu ciniki suka dakata. Tsohuwar ta dafa tebur, ta sauka a hankali har gwiwarta ta taɓa ƙasa, ta ɗauka. Da ta miƙe ba ta juya ba. Ta tallabi gorar da hannu biyu ta miƙa wa Pising.

"Ya gani," ta ce a hankali. "Ranar ma ya gaya min ya ga sandar ubanki ta faɗi."

Pising ta karɓa da hagu. Ta ɗan jima tana murza gorar.

"Tun da aka miƙo min, ta zama tawa, Nang Loling. Haka ake yi."

Ta auna mata busasshen kifi kilo ɗaya don masu zaman makoki, ta naɗe a jarida. An binne Tuting ba sanda. Ranar kuwa da yamma Pising ta rufe rumfa da wuri, ta hau tudun maƙabarta, ta wuce sabon kabarin ba ta kalle shi ba, ta ajiye gorar a kan na Onsyo, ta gefen dama.