Ranar Da Na Faɗi Da Fiyano A Hawan Bahiya

Ko zan manta komai a rayuwata, ba na jin zan manta ranar da muka hau da fiyano daga bakin ruwa zuwa saman birnin Bahiya, can tsallaken teku. Na tsufa yanzu, idona ma ya fara hazo, amma safiyar nan tana nan a raina daram.

A lokacin shekarata biyu da sauka daga jirgin bayi. A yaƙi aka kama ni a ƙasar Gobir, aka yi ta sayar da ni har bakin teku. Ubangidana a Bahiya dako ya sa ni. Kullum da safe nakan je kusurwar titin da Hausawa 'yan'uwana suke zama, mu jira mai kaya. Shugabanmu wani dattijo ne Bazazzagi da ya daɗe a garin har ya ji harshen Turawan wurin. Malam muke ce masa, don shi ke ja mana salla a ɓoye.

Ni kuwa a zamanin nan ba na magana da kowa. In ɗauka, in sauke, in ci, in kwanta. Ubangidana ya ɗauki shirun nan a matsayin taurin kai. Ya riga ya gaya mini, ƙara ɗaya tak za a kawo masa a kaina ya tura ni Itapuã, inda ake yanka manyan kifayen teku ana tafasa mansu. Waɗanda na sani da aka kai can, ban ga wanda ya dawo da lafiyarsa ba.

Ran nan aka kira mu, mu huɗu har da Malam, mu ɗauki wani dogon akwati da aka sauke daga jirgi. Aka ce wani abin kiɗa ne a ciki da ake kira fiyano, na wani mai koyar da kiɗa a coci, ya yi shekara guda yana jiran isowarsa. Wanda ya san Bahiya ya san gari biyu ne, ɗaya a bakin ruwa, ɗaya a kan dutse, kuma hawan da ke tsakaninsu ba wasa ba ne. Ga shi an yi ruwa da asuba. Muka rataye akwatin a sanduna biyu, ni ina baya.

Mun kusa kaiwa sama ƙafata ta zame. Na zube a gwiwa, sandar ta kuɓuce daga kafaɗata, gefen akwatin ya daki dutse. Sai muka ji wani gurnani daga ciki, kamar an bugi dabba. Muka tsaya cirko-cirko.

Malam ya duba inda katakon ya fashe, ya dube ni, ya ce, "Bagobiri, in mun je ka yi shiru kamar yadda ka saba. Zan ce dukanmu muka zame."

Mai kayan yana jira a ƙofar gidansa. Tsoho ne siriri, ba fari ba, ba baƙi ba, gashinsa duk furfura. Muka shigar, muka buɗe, muka ɗaura wa abin ƙafafunsa. Ga tsaga nan a kusurwa, tsawon tafin hannu. Ya shafa ta da ɗan yatsa, sannan ya tambayi wanda ya yi ɓarnar. Malam ya buɗe baki zai amsa, sai na ji muryata ta riga shi.

"Malam, gaya masa ni ne."

Har yau ban san abin da ya sa na faɗa ba. Ina jin dai ba zan iya ganin an zane dattijon nan saboda ni ba.

Tsohon ya kalle ni, ya kalli jinin da ke bin ƙaurina. Ya miƙo mini wani ƙyalle, ya nuna mini benci. Sannan ya ɗaga murfin, ga wasu abubuwa a jere, farare da baƙaƙe kamar haƙora. Ya shiga danna su ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, ni kuwa na san in ɗaya ya ƙi yin ƙara, tawa ta ƙare. Duka suka amsa. Ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara zama, ya fara kiɗa.

Na san ganga, na san goge da molo, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Hannunsa na hagu yana tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya, na dama kuma yana hawa sama, ya tsaya, ya sauko, kamar mai son faɗin wata magana yana fasawa. Can sai sautin ya gangaro sau uku a jere. Haka matata, can gida Gobir, take sauke murya in tana waƙa a bakin dutsen niƙa. Shekara biyu ina neman muryar nan a kaina na rasa, har na fara tsoron ko fuskarta ma za ta ɓace mini. Sai ga ta gaba ɗaya, da garin gero a damtsenta, tana hararata don na tsaya ina saurare.

Ban san ina kuka ba sai da kiɗan ya tsaya. Tsohon ya yi magana, Malam ya fassara: "Ya ce ka kwantar da hankalinka, ubangidanka ba zai ji komai ba. Katako ne, kafinta zai gyara."

Na ce, "Malam, ba tsoro ba ne. Matata na ji."

Da aka gaya masa, sai ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Ya ce mahaifiyarsa ma daga tsallaken ruwa aka kawo ta, tana da wata waƙa da take yi masa, amma ta rasu bai riƙe ba. Ya roƙe ni in rera masa ta matata. Na rera da muryar da ta dishe, shi kuma yana laluben ta a kan fiyanon. Wani wurin ya samu, wani wurin abin ya ƙi, kamar muryar tana faɗawa tsakanin haƙoran. Ya yi ta gwadawa har ya ɗaga hannu sama ya yi dariya. Ni ma na yi, karo na farko a ƙasar nan.

Muna saukowa na zaci Malam zai yi mini faɗa, don shi ba ya son kiɗa ko kaɗan. Sai ya ce, "Kullum kana bayana a salla, ban taɓa jin ka roƙa wa kowa komai ba. Yau da azahar ka yi mata addu'a." Na kuwa yi, kuma ban daina ba.

Bayan haka, in kaya ya bi da ni unguwar, nakan rage tafiya a ƙarƙashin tagarsa. In ya hango ni sai ya ture tagar ta buɗe sosai. Na ji kaɗe-kaɗe da yawa a wurin. Akwai wani mai sauri da ke sa in ji kamar farkon ruwan damina ne yake sauka a kan jinka, har nauyin kaya ya ragu a kaina. Amma wancan na farko mai tafiya a hankali shi ne nawa, kuma ya sani, don da shi yake rufewa. Ban taɓa tambayar sunan kiɗan ba, shi ma bai taɓa tambayar sunana ba. Ya rasu kafin in samu 'yancina.

Na gode wa Allah, na kuma gode wa bawan Allahn nan. Abin da na koya a ɗakinsa shi ne, duk ranar da wani ya yi maka ɓarna kuma kana da ikon hukunta shi, ka fara duban fuskarsa kafin ka yanke. Ba ka san abin da ya riga ya rasa kafin ya iso ƙofarka ba.