Mai Ciyar da Bango Shinkafa

Shekara talatin Kawu Encep ya yi yana ƙawata bangon gidajen da 'yan fim ke ara a birnin Bandung, kuma bai taɓa buga ƙusa ba. Dafaffiyar shinkafa yake murjewa da yatsa ya liƙa takardun ado da ita. In an gama, jiƙaƙƙen tsumma ya wanke komai.

Wata rana Hajiya Nengsih ta ba su aron falonta mai sabon farin fenti. Ta ce in ta ga tabo ko ɗaya, kowa ya kwashi kayansa ko da fim bai ƙare ba.

Kawu ya manta ƙunshin shinkafarsa a gida, sai ya lallaɓa madafinta ya ɗebo daga tukunya. Ashe da madarar kwakwa aka dafa ta. Kafin la'asar tururuwa sun yi layi a bango, maiƙo kuma ya fito a bayan kowace takarda.

Da aka tafi salla, ya yi ta goga da garin alli da tsumma yana zufa, har bango ya koma fari tas.

Hajiya ta dawo ta bi bangon da tabarau, ba ta ga komai ba. Sai ta buɗe tukunyarta.

"Encep, wa ya cinye mini rabin abinci?"

"Bangonki ne, Hajiya. Tun da aka gina shi ba a ba shi ko loma ba."

Washegari ta miƙa masa ƙunshi biyu. "Wannan naka. Wannan na bango, babu kwakwa."