Gatari da Daɓen da Ke Bayan Kwano

Gatari ake ce masa a layin kanikawa, saboda bakinsa. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya duba ko da wata manufa a ciki kafin ya amsa. Tun yana ƙarami yake kwance ƙarƙashin motoci a garejin mahaifinsu, har ya zama ba abin da ya sani kamar ƙafar mota: shokabzoba, sifirin, da duk abin da ke riƙe taya. Inji bai dame shi ba. Cewa yake kowane jaki yana iya sa mota ta yi gudu, zamanta a ƙasa shi ne aiki.

Da mahaifin ya rasu, aka raba garejin biyu tsakaninsa da ƙanensa, Auta, mai gyaran birki. Aka kafa katangar kwano a tsakiya. Gatari ya zaɓi gefen titi don a fi ganinsa, bai tuna ba sai daga baya cewa daɓen siminti ɗaya tak mai lebur da tsohon ya zuba, yana can gefen Auta. Nasa filin ƙasa ce mai gangare. Daga ranar ya ɗauka cutarsa aka yi, ko da yake da bakinsa ya zaɓa. Suka daina gaisawa. Matansu ma suka koma gaisuwar ido.

Wata rana da hantsi wani mai kemis, ƙato mai tumbi, ya kawo jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Ya sayo mata sababbin shokabzoba masu zobe a jiki, wanda in ka murɗa shi motar ta ɗaga ko ta sauka.

"So nake ta kwanta," in ji shi. "Amma kada ta riƙa shafar ƙasa."

"Ka zo koya mini ne, ko ka kawo aiki?" Gatari ya ce, ya karɓe makulli.

Aikin kam ya san shi. Ya daidaita iskar tayoyi. Ya ɗora buhunan yashi a kujerar direba, gwargwadon nauyin mai kemis, yana ta mitar mutumin da ya fi motarsa faɗi. Ya ɗaga ta da jak, ya murɗa zoben kowace ƙafa, ya sauke, ya tura ta gaba da baya don ta zauna. Sannan ya auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, wato murfin da ke saman taya, kusurwa bayan kusurwa. Abu ɗaya ya rage, kuma ya san shi sarai: wannan awo ba ya gaskiya sai a kan lebur. A gangare nauyi kan karkata, tef ɗin awo ya nuna maka daidai alhali ƙarya ce.

Auta ya leƙo ta saman kwano, hannunsa duk baƙin mai.

"Yaya, a wannan ramin kake auna motar mutane?"

"Wa ya kira ka?"

"Daɓe dai ga shi nan. In ka roƙa, zan duba."

"In roƙe ka? Daɓen ubana? Sauke kanka daga katangata kafin in sauke maka shi."

Auta ya yi dariya ya koma. Dariyar nan ce ta hana Gatari tunani. Ya cusa falanki ƙarƙashin tayoyin da ke gangare, ya duba da ido, ya ce wa kansa ya isa. Ya kulle zobba, ya miƙa makulli.

Ba a yi mako ba motar ta dawo. Leɓen bamba na gaba ya tsage a tudun rage gudu, gefen hagu kaɗai, kuma in an taka birki sai ta ja gefe. Mai kemis bai ko shiga wurin Gatari ba. Tunda birki ne ya ba shi tsoro, wurin mai birki ya nufa. Gatari yana ji ta bayan kwano aka hau da ita daɓen, yana jin ƙarar tef.

"Birkinka lafiya lau," Auta ya faɗa da ƙarfi, yadda zai tsallaka katanga. "Motar ce ke tsaye kamar teburin da ƙafarsa ɗaya ta gaza. Wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Gatari ya zagaya ta titi, ya shiga filin da rabonsa da takawa tun ranar rabo. Kanikawan layin suka ajiye aiki suka matso.

"Matsa daga jikin aikina."

"Au, naka ne? Ai na ɗauka wani makaho ne."

"Kai da ko sifana ni na koya maka riƙewa!"

"Ka koya mini, Yaya. Shi ya sa nake jin kunya a madadinka."

Mai kemis ya shiga tsakani yana haki. "Ni ba shari'ar gidanku ta kawo ni ba. Wanda zai gyara ya gyara, ko in kai ta wani gari."

Auta bai iya saitin zobba ba, kuma duk wanda ke wurin ya sani. Ya ja baya, ya harɗe hannu. Gatari ya durƙusa a kan daɓen, ya auna. Hagu ta gaba ta yi ƙasa, dama ta baya ta ɗaga. Ya sa mai kemis ya zauna da kansa a kujera, ya ce in ya motsa zai bar masa ita a kan jak. Ya murɗa, ya sauke, ya tura, ya sake aunawa, har motar ta zauna cif, gaba ya ɗan fi baya sauka, da sarari isasshe a ƙarƙashi. Ya ce a kai ta saitin tayoyi kafin a yi gudu da ita. Bai ba kowa haƙuri ba, bai ce an gode ba. Yana fita Auta ya ɗauko tsintsiya ya share inda ya durƙusa.

A gida matar Gatari ta ce, "To yanzu da ka shiga, ba sai ku shirya ba?" Ya ture kwanon abinci ya fita tsakar gida.

Cikin watan ya kira magina. Ya tsaya a kansu da ma'aunin ruwa yana zagi, ya sa suka fasa suka sake, har aka zuba masa daɓe wanda ya fi na tsohon faɗi da tudu. Tudun da gangan ne. Ruwan sama na farko da aka yi, duk ya gangara ta ƙarƙashin kwano ya cika filin Auta, har kwalayen birki suna iyo. Auta ya fito da wando a naɗe yana ihu, Gatari na zaune a inuwa yana goge sifana.

Yanzu furfura ta cinye wa Gatari kai, gwiwoyi sun ƙi, sai ya dafa taya yake miƙewa. Masu ƙananan motocin tsere daga nesa suke zuwa, su sha zagi, su tafi da mota zaune daidai. Auta ya gina dakali ya tare ruwan, ya mayar da shi titi, ta bakin ƙofar yayansa. Gatari ya riga ya yi wa magina magana.