Ranar da Na Karanta Farar Takarda a Owendo

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da na karanta wa wani dattijo farar takarda a tashar jirgin ruwa ta Owendo ba.

Lokacin ina ci-rani, takalma nake sayarwa a unguwar Akébé, amma da rubuta labari aka fi sanina. Babi ɗaya nake yi duk mako a kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in an sauko Juma'a in karanta a shagon wani tela abokina. Direbobi da 'yan tireda su cika benci. Labarin wani ɗan ci-rani ne da ya shekara ashirin bai leƙa gida ba.

Sai aka karya darajar kuɗin sefa, kasuwa ta mutu murus, ba a jima ba kuma aka shiga farautar baƙi marasa takardar zama. Kaina ya toshe. In riƙe biro har shayi ya huce, ko "wata rana" ta ƙi fitowa. Na kawo ɗan ci-ranin nan ƙofar gidansu hannu rabbana, na rasa yadda zan shigar da shi. Sai na ce wa jama'a hutu zan yi.

"Hutu?" in ji tela. "Gungumen katako kake ɗauka? Ka bar bawan Allah tsaye a ƙofar gida rana tana dukansa!"

Aka yi ta dariya, ni ko na yi kunnen uwar shegu. Kuma wallahi na ji daɗin hutun nan. In rufe shago da wuri, in tafi bakin teku in ci gasasshen kifi, ba ruwana da kowa.

A mako na shida tela ya faɗo shagona yana haki. Akwai wani tsohon direba da muke kira Baba, kullum bakin ƙofa yake zama in ana karatu, ba ya dariya, ba ya tsoma baki. Tela ya ce takardar Baba ta mutu, ya ba da sunansa cikin masu komawa gida, jirgi zai tashi da la'asar. Ya ce a gaya mini yana son ƙarshen labarin kafin ya hau. Na suri kaye muka tari taksi, alhali ko layi ɗaya ban ƙara ba.

Muka same shi cikin cunkoso, zaune a kan jakarsa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, ya shiga ko ya juya?"

Na dubi jakar nan ƙwaya ɗaya tak, na dubi furfurarsa. Ashe duk makonnin nan har da shi na bari tsaye a ƙofar gida.

Na buɗe kaye, na kafa ido a kan farin shafi, na fara zuba. Na ce ɗan ci-ranin ya yi sallama, yayarsa ta fito, ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Ko kallon jakarsa ba ta yi ba, ta ce, "Sai yanzu, ɗan nema? Dubi yadda ka rame! Wanke hannu, ga tuwon shinkafa." Na ƙara da maƙwabta suna tururuwa, kowa yana rantsuwa shi ya fara gane shi.

Baba ya yi dariya har da hawaye, ranar na fara ganin haƙoransa. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na tsufa ina miƙa wa jandarma takardu. Na san mai rubutu, na san fara. Je ka rubuta shi yadda ka faɗa."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige! Tela kuwa har da riƙe ciki. Ina komawa gida na cika shafi goma ban ɗaga kai ba.

Bayan 'yan watanni wani direba ya kawo mini saƙon Baba: "A gaya wa mai takalma ya yi kuskure. Tuwon dawa ne, ya gyara."

Na gyara kuwa. Tun daga nan na gane hutu ba laifi ba ne, rijiya ma sai an ƙyale ta ruwa yake taruwa. Amma duk lokacin da zan ajiye biro, sai na fara duba bakin ƙofa, in ga ko akwai wanda na bari a tsaye.