Yadda Na Rufe Watan Baffa Jauro

Kafin in zama abin da na zama, ni yaro ne mai zane a ƙasa. A gidanmu da ke Birnin Gwari, in aka aike ni sayen gishiri, sai a same ni tsugune a bakin hanya ina zana tsuntsu da tsinke, miya tana can tana jira. Mahaifiyata takan ce gangar jikina ce kawai a gidan, hankalina yana wani gari. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ina faɗa muku wannan ne, ku matasa, don kada ku zaci ɓarawo da wata kama ta daban ake haihuwarsa.

Da na gama sakandare aka kai ni shagon kwamfuta na Oga Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a garin yana buga katin biki da allon talla. Shi ya koya mini manhajar zane. Ranar farko ya zana layi ɗaya, ya ce in taɓa shi da maus, wato linzamin kwamfuta. Ina taɓawa sai wasu 'yan ƙananan akwatuna suka kewaye layin. Ya ce, "Ka zaɓe shi ke nan. Yanzu naka ne. Ja shi, juya shi, ƙara masa tsawo, duk yadda ka so." Na ja, layin ya biyo ni ba gardama. A duniya ba a taɓa bin umarnina haka ba.

Daga ranar na tare a cikin gilashin kwamfutar nan. In damina ta sauka, ruwa na dukan kwanon shagon, dajin da ke bayan gari ya yi duhun kore, ni ina zaune ina haɗa da'ira da layi su zama abu ɗaya, in warware su, in sake haɗawa. Ko a hanya nake tafiya, sai in ga kamar zan iya zaɓar bishiyar kuka in matsar da ita gefe, ko in ɗauko hadari daga gabas in ajiye shi a kan gonar babana. Oga Bitrus yakan girgiza kujerata ya ce, "Malam mai mafarki, katin mutane fa?"

A shekarun nan satar shanu ta yi yawa a wajenmu. Sai shugabannin kara, wato kasuwar shanu, suka yi shawara a zana lambar kowane makiyayi, irin wadda ake yi wa saniya da ƙarfe mai zafi a cinya, a buga a manna a rumfar sarkin kara. In an kawo saniya sai a duba. Aikin ya faɗo hannuna. Makiyaya suka riƙa zuwa suna zana mini lambarsu a ƙasa, ni kuma ina mayar da ita cikin kwamfuta.

Cikinsu akwai wani dattijo daga wata ruga ta wajen Kakangi, Baffa Jauro. Lambarsa jinjirin wata ce, da gajerun layuka biyu a ƙarƙashi. Da ya gan ta a gilashi ya daɗe yana kallo, har ya kai yatsa zai taɓa. Ya ce, "Yaro, hannunka na da albarka." Mako na zagayowa ya aiko mini da kindirmo a ƙwarya.

Wani dillalin shanu mai suna Ɗanlami ya fara zama a shagon in Oga ya fita. Mutum ne mai fara'a, kullum da tsire a takarda. Yana yabon aikina, ni kuwa yabo yana shigata fiye da abinci. Wata rana ya nuna lambar Baffa Jauro ya ce, "Ƙanena, gwaninta nake so in gani. Wannan watan, za ka iya mayar da shi wani abu daban ba tare da ka goge komai ba?"

Wasa na ɗauke shi. Na zaɓi jinjirin watan, na kwafe shi, na juya kwafin ya fuskanci ɗan'uwansa, na ja shi a hankali har bakinsu ya haɗu. Wata ya rufe, ya zama da'ira. Na ƙara layi ɗaya ya ratsa gajerun nan biyu, na haɗe duka suka zama abu guda. Ko ni da na yi, sai da na ji daɗin kyansa. Ɗanlami ya ce in buga masa a takarda ya nuna wa yaransa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a karo na biyu da ya nuna mini wata lambar na gane. Ƙarfe mai zafi ba ya goge tsohuwar lamba, ƙari kawai yake yi. Abin da ɓarayi ke nema shi ne wanda zai nuna musu inda za a ƙara, sai maƙeri ya ƙera ƙarfen daidai. Su ajiye shanun a cikin daji har ƙunar ta warke, sannan a fito da su da sabuwar lamba. Sabuwar kuwa ni na sa ta a jikin takardar rumfar kara da sunan Ɗanlami. Na yi wa lambobi da yawa haka. Abin da nake gaya wa kaina shi ne ban taɓa riƙe bindiga ba, ban taɓa shiga rugar kowa ba, layi kawai nake ja. Ɗanlami ya saya mini waya, ya ɗinka mini shadda, na riƙa tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Aka kwashe garken Baffa Jauro gaba ɗaya. Na ji labari, na yi jaje da baki tare da kowa. Bayan wasu watanni, ranar wata kasuwa, aka aiko daga kara a kira ni. Na tarar da taro, dattijon yana riƙe da igiyar wata farar saniya, ita kuma tana ta shinshinar rigarsa. Ya rame har ban so in dube shi ba. Ɗanlami na gefe yana murmushi.

Sarkin kara ya ce, "Kai ka zana lambobin nan. Duba mana, wannan ta wace ce?"

Baffa Jauro ya ce, "Yauwa, ga yarona. Shi ya san watana. Faɗa musu, ɗana."

Na duƙa na dubi cinyar saniyar. Ina ganin inda tsohon wata ya tsaya da inda nawa ya fara, kamar 'yan akwatunan nan sun fito sun kewaye shi. Na ce, "Baffa, taka wata ce. Wannan da'ira ce."

Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce baƙin ciki ke sa mutum ganin shanunsa a ko'ina. Aka zare igiyar daga hannunsa. Ni kawai ya kalla. Da aka ja saniyar tana waiwaye, shi ma ya bi ta da ido har ta shige mota.

Asirinmu ya tonu ne ta wajen maƙerin, da aka kama shi da ƙarafan da takarduna. Da 'yan sanda suka buɗe kwamfutar shagon, suka tarar da kowace lamba ta gaskiya da ta ƙarya gefe da gefe. Ban goge ba, don ina jin sun yi kyau da yawa. Oga Bitrus, da bai san hawa ba bai san sauka ba, sai da ya kwana a hannunsu saboda ni. Da aka sake shi ya tsaya a gabana ya ce, "Sana'a na ba ka, yaro." Alƙali ya tura ni gidan yari.

A can na yi shekaru. Da rana nakan zauna in zuba wa bango ido, yatsana yana motsi a kan gwiwa shi kaɗai. In ga kamar na zaɓi katangar na ja ta gefe, ga hanyar Kaduna, ga daji, ga fararen shanu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna komawa rugarsu. Sai gandiroba ya buga ƙarfe, katanga tana nan inda take. Mahaifiyata ta rasu ina ciki. Na yi kuka, na yi nadama, na koma ga Allah da gaske.

Da aka sake ni, Baffa Jauro na fara nema. Ba a daji na same shi ba. A cikin gari yake, yana gadin wani shagon hatsi, zaune a kan buhu da sandarsa ta kiwo a gefe. 'Ya'yansa sun watse neman abinci. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da abin da idona ya gani a cinyar saniyar nan.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Muryarka ce ta faɗa mini."

Ya ɗauki sandar ya zana wata a ƙasa, ya ja layuka biyu. Ya ce watan na kakansa ne, layi ɗaya babansa ya ƙara da ya raba garke, ɗayan kuma shi. Ya ce, "Na uku na babban ɗana ne, da mun kai. Na yafe maka, ɗana, don ni ma ina neman yafiyar Allah. Lambar dai ga ta nan. Abin da za a sa wa ne babu." Ya sa tafin ƙafa ya share.

Yanzu allon shaguna nake rubutawa da fenti, ina cin halak ɗina. Ku da Allah ya ba basirar kwamfuta, ku ji daga bakin wanda ya gani. Duk wanda ya ce ku taɓa tambari ko hatimi ko lambar da ba taku ba, ko da wasa ne, ko don a ga gwanintarku, ku tambaye shi ta wace ce, kuma me za a yi da ita. In ya yi dariya maimakon amsa, ku tashi daga kujerar. Kada ku ruɗi kanku da cewa layi kawai kuke ja. Ni ma layi na ja, ina zaune a inuwa ina cin tsire, kuma har gobe in na bi ta gaban shagon hatsin nan, akwai dattijon da ke amsa gaisuwata a kan buhun wani.